Ranar da Na Ceci Sirdin Baba a Delft

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a garin Delft na ƙasar Holan ba, ko da na so in manta ƙanwata Ghaisha ba za ta bari ba. A duk Agadas ita kaɗai ta san gaskiyar abin da ya faru, sai kuma ku yanzu. Don Allah, wanda ya san Babana a cikinku ya kama bakinsa.

Aikina haɗa famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Shekara biyu da suka wuce wurin aikinmu suka tura ni staj, wato horon aiki, na mako biyu a Beljik, maƙwabciyar Holan, kuma tun ranar da labarin ya shiga gida Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi mai yin sirdin raƙumi ne a tsohon gari, bayan babban masallaci, irin sirdin nan na Abzin mai ƙaho uku a gaba. Yana da aboki Bature, Musye Henk, mutumin Delft, wanda motarsa ta mutu a Agadas tun ban yi wayo ba. Ya zo jiran kayan gyara na mako guda, ya ƙare da wata huɗu a rumfar Baba yana shan shayi yana koyon Hausa. Ranar da zai tafi Baba ya yi masa alkawarin sirdi na hannunsa. Daga nan ƙasa ta rikice, Turawa suka ɗauke ƙafa, Musye Henk bai sake dawowa ba, sai wasiƙa, daga baya sai waya.

Kafin in samu staj ɗin nan idon Baba ya riga ya tafi. Da lalube ya ƙarasa sirdin, ya fi shekara yana yi, kuma mu duka mun san shi ne na ƙarshe. Ya sa aka haɗa masa akwatin katako aka buga ƙusa, ya kira ni ya ɗora hannuna a kai.

"Hannu da hannu za ka ba shi," in ji shi. "Kada a buɗe a hanya, kada a buɗe a ƙohwar gida. Sai cikin ɗakin da yake zama, bayan la'asar, ina kan waya ina ji. Kada ka ba ni kunya."

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Amma akwai Dogo. Dogo abokina ne na fada, majalisarmu ta shan shayi, tsohon direban hanyar Dirku ta cikin hamada, ya taɓa kaiwa Italiya ya yi wata bakwai kafin a sako shi a jirgi a maido mana abinmu. Tun daga nan shi ne malaminmu kan duk abin da ya shafi Turai (har da ƙasashen da bai taɓa takawa ba, su ya ma fi sani). Kwana uku ya yi yana ba ni karatu.

"Ka ga can, ɓarawo ba shi kama da ɓarawo," in ji shi, yana ɗaga buta sama yana zuba shayi. "Murmushi zai yi maka, ya ce bonjour, ya taya ka ɗaukar kaya. In ka ji sun juya yarensu gabanka, kai ake ci. In an ce zo ka ga gari, to kayanka ake son gani. Kuma kada ka yi tambaya, tambaya ita ka nuna kai baƙo ne."

Na haddace tas, fiye da yadda na taɓa haddace wani abu a lakwal, makarantar boko.

Ranar Asabar ta farko da muka samu hutu na shiga jirgin ƙasa da akwatina. Musye Henk ya gaya mini a waya cewa gwiwoyinsa ba sa barinsa sauka, maƙwabcinsa Joop zai tare ni a tasha. Ina fitowa na ga wani ƙato, kai a aske ƙwal, fatar hannu biyu cike da zanen tatu har wuya, riƙe da kwali mai sunana. Ya yi mini murmushi. Ya ce "bonjour" (daga baya na gane iyakar Faransancinsa ke nan). Ya sunkuya ya ɗauki akwatin. Uku cikin uku, a ƙasa da minti guda! Na ce a raina, Dogo Allah ya saka maka da alheri.

Keke ya zo da shi, irin mai babban aljihun katako a gaba. Yana ajiye akwatin a ciki na haye kai na zauna daram. Ya nuna mini da hannu cewa akwai wurin zama mafi daɗi a gefe, na girgiza kai. Haka muka ratsa gari, shi yana tuƙi yana nishi, ni ina bisa akwati da rawanina na rungume jaka, ina iya ƙoƙarina kada a gane ni baƙo ne.

An ce garin yana da kyau. Na yarda, don na ga hotunansa daga baya. Abin da na tuna shi ne ruwa a tsakiyar kowane titi, kanal suke ce masa, da gadoji ƙanana da gidaje sirara na jan bulo manne da juna. Mu da ƙoramar Telwa in ta kawo ruwa da damina gari duka ke fita kallo, ga mutane sun ajiye ruwa a ƙofar gida ba mai ko ɗaga kai. Wani wurin ma wani koren abu irin kainuwa ya rufe shi, kuma ba katanga ba shinge, titi ne kawai ya ƙare ruwa ya fara. Akwai wata hasumiyar coci da ta karkace gefe guda ba wanda ya damu, na ji daɗi a raina cewa tamu ta laka ta babban masallaci ta fi ta tsayuwa.

Amma ni ba kyau nake nema ba. Tagogi na lura da su, manya-manya ba labule, kana wucewa kana ganin mutum yana cin burodinsa yana karanta jarida. A gidanmu baƙo sai ya wuce zaure biyu kafin ya ga ko akuya. Na ce mutanen da suka baje komai haka a fili, abin da suka ɓoye ba ƙarami ba ne. A jikin wasu tagogin bene kuma akwai ɗan madubi a waje, an karkata shi yana kallon titi. Sannan can a ƙolin gidaje da yawa wani katako ya leƙo da ƙugiya a bakinsa. Na so in tambayi amfaninta, na tuna da Dogo na haɗiye.

Gidan da muka tsaya, Joop ke ƙasa, Musye Henk da matarsa Madam Rit suna bene, ƙofar shiga ɗaya. Daidai ƙofar, a cikin ruwa, ga wani ƙaramin jirgi a ɗaure an lulluɓe shi da tamfol. Shi ma na rubuta shi a zuciyata.

"Ɗan abokina! Ka zo lahiya? Ina gajiya?"

Daga sama muryar Musye Henk ta zo, da Hausar tsofaffin unguwarmu, irin wadda mu ma mun daina yi. Na ɗaga kai na ga matakala, in dai za a kira ta matakala. Tsani ce siririya mai murɗewa, ni kaina sai da na karkace kafaɗa. Joop ya gwada akwatin a tsaye, ya gwada a kwance, ya ƙi wucewa. Musye Henk ya ce a buɗe a nan a ɗauko abin da ke ciki mana. Na ce a'a, Baba ya ce sai a ɗakinka bayan la'asar.

Ya yi dariya. "Bai sake hali ba. To bar shi nan, za mu san dabara."

Sai ya juya yarensu. Suka yi ta magana da Joop daga sama zuwa ƙasa, Joop ya zaro metir daga aljihu ya auna tsawon akwatin, ya auna faɗinsa, ya rubuta a bayan hannunsa, ya dube ni, suka yi dariya tare. Nan take na tuna da karatun Dogo.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu ba ma faɗuwata ba ce, zaman da na yi a ɗakin nan ne. Tsoho ya rungume ni yana hawaye. Ga hoton Baba a bango da baƙin gemu, ban taɓa ganinsa haka ba. Kujerarsa na jikin taga, ya nuna mini ɗan madubin nan ya ce tun safe yake zaune yana duba titi ta cikinsa don ya ga isowata. Ya yi ta tambayata mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, mai naman bakin masallaci, tsohuwa mai fura, yawancinsu sun rasu. Ni kuwa ina amsawa da rabin baki, na zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, kunnena duka biyu suna ƙasa wurin akwati. Madam ta kawo kafe, ta buɗe gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya ta rufe ta mayar. Har gwangwanin sai da na zarga.

Can sai Madam ta ɗauko jakarta ta ce mini da Faransanci, "Taso in nuna maka gari."

Na ce na gaji. Na ce ƙafata na ciwo. Musye Henk ya kaɗa hannu.

"Tahi, tahi ka ga kasuwa. Kahin ka dawo komi ya yi daidai."

Kafin in dawo komai ya yi daidai! Na sauka na shafa akwatin a wucewa kamar mai bankwana.

Baiwar Allah ta yi iya yinta. Ta kai ni babban fili, ta nuna mini kwanonin tangaran masu shuɗin zane, ta sa aka yanko mini cuku daga wani dunƙule mai girman tayar moto. Ta sayi ɗanyen kifi da albasa ta ɗaga kai ta zura shi a baki, ta miƙo mini nawa, na ce na ƙoshi. Duk inda muka tsaya sai ta ce akwai wani wuri a gaba, kuma gaban nan kullum nesa da gida yake. Sau biyu na kama ta tana duba agogo. Da ta duba na uku na ce azahar ta yi, zan koma in yi salla, na san hanya. Ban jira amsarta ba na juya.

Ban san hanya ba. Gadojin duk iri ɗaya ne, na haye wata sau uku. Karkatacciyar hasumiyar nan da na raina ita ta cece ni, da ita na gane titinmu. Ina shan kwana na tsaya cak.

An cire tagar benen ɗungurum. Igiya ta sauko daga ƙugiyar ƙoli. Akwatin Baba na lilo a iska tsakanin sama da ƙasa, Joop na tsaye a bakin ruwa ya riƙe ɗaya bakin igiyar da hannu biyu, ga kuma jirgin nan mai tamfol a bayansa yana jira.

Yanzu, da na tsaya na yi tunani na daƙiƙa biyar, da na tambayi kaina: akwatin da na bari a ƙasa, daga ina za a sauko da shi? Ɓarawon da ke da kaya a bakin ƙofa, me zai kai shi ga hawa da su bene don ya sake sauko da su? Kuma a jikin ƙugiyar nan puli ne, ƙarfen nan mai juyawa na jan igiya, irin wanda ni da hannuna nake ɗaurawa a bakin rijiya kusan kowane mako. Amma ban tsaya ba. Abin da na gani kawai shi ne Baba yana laluben fata da yatsunsa shekara guda, da jirgi mai tamfol.

"Ɓarawo! Ɓarawo! Au voleur!"

A kasuwar Agadas in ka yi wannan ihu, kafin ka rufe baki mutum hamsin sun taso da abin da ke hannunsu. A nan masu shan kafe a bakin titi suka ajiye kofunansu a hankali suka juyo. Na ga ba mai taimako, na zuba da gudu ni kaɗai na rungumi ƙugun Joop da dukkan ƙarfina.

Bai faɗi ba. Ko motsi kirki bai yi ba, tsorata kawai ya yi, igiya ta suɓuce tana gudu a tafinsa. Na ji ƙarar katako a kan dutse, ƙarar da har yau nakan ji ta. Ni kuwa da na bugi ƙaton nan sai na dawo baya taga-taga, ƙafata ta nemi titi ta rasa.

Sanyin ruwan nan ba ya faɗuwa. Ni ɗan Agadas, ruwan da na taɓa shiga mafi zurfi na bokiti ne, na tabbata kwanana ya ƙare. Na rufe ido na yi ta kalmar shahada da ƙarfi ina dukan ruwa, ina neman gafarar Baba. Na jima a haka kafin in lura ƙafafuna a tsaye suke kan laka, ruwan iyakarsa ƙirjina. Na buɗe ido. Rawanina na tafiya shi kaɗai wajen gada. Wani dogon jirgi cike da 'yan yawon buɗe ido ya rage gudu, kowa ya ɗaga waya. Madam Rit ta iso tana haki ta dafe baki. Daga tagar da aka cire kuma kan Musye Henk ya leƙo, hannuwansa har yanzu a miƙe yadda ya shirya karɓar akwatin.

"Ɗan abokina," in ji shi a hankali, "hawa yake yi. Haka muke shigar da kaya a nan."

Joop ne ya kwanta a bakin kanal ya kamo wuyan rigata ya fisgo ni waje. Da ya sake ni na ga tafin hannunsa biyu, igiya ta saɓule fatar. Da waɗannan hannuwan ya ciro ni. Ban san kalma ɗaya ta yarensa ba, na tsaya koren abin nan na zuba daga kaina ina cewa "pardon, pardon", shi kuma yana bubbuga kafaɗata da gwiwar hannu.

(Paspor ɗina bai jiƙe ba, yana cikin leda uku a ɗaure a cikina. Shawarar Dogo ke nan guda ɗaya da ta yi amfani.)

Akwatin ya tsage ta kusurwa, don haka ba sauran maganar buɗewa. Madam ta rungumo sirdin ta hau da shi ta matakala cikin sauƙi. Jan fata da koriya, adon tagulla, ɗinki ƙanana a jere kamar mai ido ne ya yi. Ƙahon hagu ya karye daga gindi, fata kaɗai ta riƙe shi yana reto. Na zauna a ƙasa cikin rigar wankan Madam mai furanni, ita kaɗai aka samu da wuri, na ji ina ma ruwan nan ya fi haka zurfi.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. La'asar ta yi a Agadas.

Ghaisha ce ta riƙe wa Baba wayar, kuma bidiyo ta kira. Na ga idonta ya sauka kan rigar furanni, ya koma kan ƙahon, ya dawo kaina. Ta buɗe baki, ta dubi Baba, ta rufe. Tsofaffin biyu suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da gwiwa da ido, ni ina jiran hukuncina.

"To Henk, an buɗe?"

"An buɗe, Malam. Ga shi bisa cinyata."

"Shafa ƙahonnin ka ji. Su suka hi ba ni wahala, na hagun nan sau uku ina sake shi."

Musye Henk ya tallafi karyayyen ƙahon da tafinsa ya mayar da shi mazauninsa, ya riƙe. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar Baba na ganinsa.

"Uku cur, Malam. Hannunka bai tsuhwa ba."

Baba ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. Sai ya ce, "Yaron bai ba ka wahala ba dai?"

Na sunkuyar da kai. Musye Henk ya dube ni ta saman tabarau.

"Wanga yaro? Ban taɓa ganin mai tsaron amana irinsa ba. Har ruwa ya shiga saboda sirdinka."

"Na san ɗana," in ji Baba. "Shi ya sa ban ba kowa ba sai shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari Lahadi na sauka wurin Joop, sai ga shi ashe gyaran tsofaffin kujeru da kabad ne sana'arsa. Hannuwansa na naɗe da bandeji, don haka shi ke nunawa da haɓa ni ina yi. Muka huda, muka sa ƙusar katako da gam, na riƙe ƙahon nan da hannuna har yatsuna suka sandare, ban yarda na saki ba. Jirgin mai tamfol kuwa na wata tsohuwa ne a tsallake, ya shekara bai motsa ba. Da yamma Joop ne ya sake kai ni tasha a kekensa, wannan karon na zauna inda ya nuna mini tun farko.

Na dawo Agadas na tarar labari ya riga ni. Baba ya gaya wa duk wanda ya zauna a rumfarsa cewa ɗansa ya faɗa kogi a Turai don ya ceci sirdi. Tsofaffi na tsayar da ni a hanya suna sa mini albarka. Dogo kuwa ya samu sabon darasi a fada, yana nuna ni yana cewa, "Ban gaya muku ba? Da bai ji maganata ba da yanzu sirdin na Italiya!" Ni sai in kurɓi shayina kawai. Ghaisha ba ta taɓa tona ni ba, sai dai duk ranar da na ɗaga mata murya takan ce, "Yaya, in ka yi waya ka gaida mini rigar Madam."

A duk garin nan na Delft, mai tagogi ba labule da madubai da ƙugiyoyi, mutum ɗaya ne ya taɓa kayan Baba da ɓarna, kuma shi ake sa wa albarka har yau. Tun daga ranar, in na ga abu a rataye tsakanin sama da ƙasa, nakan tsaya in ga ko hawa yake ko sauka kafin in buɗe bakina.